Shekarar da Na Kira Sunan Malam a Lasifika

Kun taso kun tarar da labarin nan a gidan nan, kowa yana ba da shi yadda ya ga dama: wai Mama ta taɓa kiran sunan Baba gatsau a lasifika, a gaban jama'a, shi ya sa Inna ta tattara kayanta ta koma Katsina. Ranar sunan ɗan Zainab na ji ku a tsakar gida kuna maimaita shi kuna ƙyalƙyala dariya, har Auta tana cewa ashe Mama ce ta fara zama 'yar Abuja kafin kowa. Na yi shiru saboda akwai baƙi. Yau babu baƙi, daga ni sai takarda, kuma ni na riƙe lasifikar nan ba wani ba. Abin da kuka ji ya faru, ban musa ba. Amma ƙarar kuka ji, ba ku ji dalilin ba, kuma ba na son in koma ga Allah in bar ku da rabin zance.

Mun zo Abuja ne lokacin da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Garin a shekarun nan ko'ina ka juya tifa ce da yashi da bulo. Wanda ka bari bara yana sayar da katin waya a ƙarƙashin lema, bana sai ka gan shi a cikin mota yana yi maka hon. Mahaifinku ya buɗe shagon tayil, Allah kuma ya sa wa abin albarka, don a lokacin ko ɗaki ɗaya mutum ya gina sai ya shimfiɗa masa tayil. Muka kama gida a Dutse Alhaji, ɗaki uku da ɗan tsakar gida, Inna mahaifiyarsa ta zo ta zauna da mu bayan rasuwar kakanku. Ina so ku riƙe wannan tun daga nan: tsakanina da Inna babu irin abin da ake faɗa na suruka da matar ɗa. "Ɗiyata" take kirana. In na dawo aiki a gajiye sai in tarar ta ɗora sanwa, ta yi wa Auta wanka, ta ajiye mini kunu a rufe. Ni kuwa ina koyar da 'yan aji biyar a wata makarantar kuɗi a Gwarinpa, ta wata Bayarabiya da kowa ke kira Madam.

Wata Laraba ina tsakiyar darasi na rubuta sunan wani babban mutum a allo, cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka aka karɓo mulkin kai, na ce wa ya san shi. Wani yaro mai kumatu ya ɗaga hannu da ƙarfinsa.

"Anti, na san shi. Wajen ofis ɗin Dadi ne. Akwai go-sulo sosai."

Sauran duk suka gyaɗa kai. Na gwada wani suna, aka ce ai nan ne ake sayar da askirim. Na gwada na uku, aka ce shataletale ne. Ashe a Abuja manyan mutanen ƙasar nan duk sun koma tituna, yara suna bi ta kansu safe da yamma ba su san sun taɓa numfashi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da yaran ba. Ni da na taso a Zariya kakata tana zaunar da mu tana ba mu labarin mutanen da, har mu ji kamar maƙwabtanmu ne, ga shi ina riƙe da yara talatin da ke zaton gwarzo kwalta ce. Tun daga makon nan na ware darasin ƙarshe na ranar Juma'a, na ce na labarin mutane ne. Ba na farawa da shekarar haihuwa ko ta mutuwa, don yaro ba ya riƙe lamba, mutum yake riƙewa. Da yarintar mutumin nake farawa: wane irin gida ya fito, wa ya koyar da shi, me ya ba shi tsoro, a ina ya yi kuskure. Abin da ban sani ba sai in ce ban sani ba, ba na ƙara wa miya gishiri. Na ba su sarauniyar da ta zagaye garuruwa da ganuwa, na ba su matan kasuwar da suka ƙi yarda da haraji har aka ji su a ƙasar Turawa. Dokar makarantar Turanci ce, amma ranar Juma'a ina haɗawa da Hausa, don a Abuja ko ɗan wane ƙabila ne yana jin Hausar kasuwa. Ba yabon kai ba, na iya ba da labari. Akan kaɗa ƙararrawar tashi, direbobi suna jira a bakin get, yarana su ƙi motsi.

To, a nan ne abin ya samo asali. Ni a gidan da na tashi mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na surukinta, ba ta kiran na ɗanta na fari. Har mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin sunan mahaifina a bakinta ba. Ku 'yan yanzu kuna ɗauka tsoro ne ko ƙasƙanci. Ko kusa. Abin da ka fi ji da shi ne ba ka ja a ƙasa. Kai ma babban yaya ka sani, har yau da furfura ta fara fito maka "Wannan yaron" nake ce maka. Sai Allah ya yi mutumin nan da na fara rubutawa a allo, wanda yara suka fi so a cikin duk waɗanda na ba su, sunansu ɗaya da mahaifinku. Na sake rubuta sunan sau ɗaya, na nuna da sanda, yara suka karanta, na goge. Daga nan na ci gaba da kiransa yadda kowace matar kirki za ta kira shi: Mai Sunan Malam. Juma'a uku muka yi a kansa. Na ba su yadda ya fara da koyarwa a aji kamar ni, alli a hannu, kafin ya shiga siyasa. Yadda ya tsaya a gaban manya ya faɗi abin da ba su so ji ba. Mai Sunan Malam ya ce, Mai Sunan Malam ya tafi, Mai Sunan Malam ya dawo. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin da aka goge a allo ya tafi, abin da aka ji a kunne shi ya zauna ba.

A ajin akwai wata yarinya, Rifkatu, 'yar mutanen Filato. Uwarta kifi take sayarwa a kasuwar Kado, ita kaɗai take riƙe da yarinyar, kuma yadda take iya tsayawa da makarantar nan Allah kaɗai ya sani. Rifkatu siririya ce, ba ta da surutu, amma in na ba da labari ko ƙiftawa ba ta yi. Wani lokaci bayan mako biyu sai ta tare ni a baranda ta ce, Anti, ranar kin ce kaza, to me ya sa bai yi kaza ba? Da aka shirya gasar kacici-kacici tsakanin makarantun unguwar, ba a yi shawara ba aka ce ita za ta tsaya mana a fannin tarihi. Ranar gasar, wata Asabar, zauren ya cika da iyaye da malamai. Muka yi ta tafiya kunnen doki da wata makaranta har tambayar ƙarshe, ta faɗo kan Rifkatu. Alƙalin gasar ya karanto siffofin mutum: malamin makaranta ne, ya shiga siyasa, ya yi kaza da kaza, wane ne? Wallahi tun bai rufe baki ba na fara murmushi. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Yarinyar ta miƙe, ta gyara tsayuwa, ta ce da ƙarfi:

"Mai Sunan Malam!"

Sai wani Bakano a layin baya ya tuntsire da dariya, duk Hausawan zauren suka kama. Alƙalin ba Bahaushe ba ne, ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Da ta ga ana dariya sai ta ɗauka ba su yarda ta san shi ba ne, ta fara zuba: garin da aka haife shi, makarantar da ya koyar, abin da ya tsaya a kai, har da abin da alƙalin kansa ba shi da shi a takarda. Ya bari ta gama, ya ce duk daidai ne, amma suna ake tambaya. Ta juyo ta dube ni. Har gobe ina ganin wannan kallon. Babu zargi a ciki, jira take in taimake ta, ni kuwa ina zaune da sunan a bakina kamar na guntsi ruwa. Aka ba ɗaya makarantar, wani yaro ya faɗa a taƙaice, aka tafa, aka ba su kofi.

Ranar Litinin da sassafe na tarar da uwar Rifkatu a bakin aji, daga gani daga kasuwa ta biyo, zaninta yana ƙarnin kifi. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Da Hausarta ta kasuwa ta ce:

"Anti, yarinya na bai ci abinci ba tun Asabar. Shi ya karanta, shi ya san komai, amma suna babu. Kai ne malami. Me ya sa ka ɓoye masa?"

Na buɗe baki in yi mata bayanin alkunya, sai na ji bayanin ya yi mini nauyi a gaban matar da ke tashi tun asuba tana fasa ƙanƙara. Na ce ta yi haƙuri, laifina ne. Madam ma ta kira ni ofis. Mace ce mai tsawa amma ba ta da mugunta.

"Anti Hadiza, ni ba na faɗa da al'ada, mu ma muna da namu. Amma wannan naki ya ci mana kofi. Ranar bikin ƙarshen shekara yaranki za su yi shigar mutanen nan, iyaye za su zo. Abeg, ki ba abokin aikinki Mista Audu lasifika ya kira sunaye. Ke ki tsaya a baya ki shirya yara. Kowa ya huta."

Hanya ce mai sauƙi, kuma na so in bi ta. Na ce to. Da ban tsaya gyara littattafai lokacin hutun tara ba, da yau babu wannan babin. Ina zaune ni kaɗai sai ga Rifkatu ta shigo, ta tsaya a gefen tebur tana murza gefen siket.

"Anti, wani mugun abu ya yi ne?"

Na ce wa?

"Shi. Don a gidanmu akwai ƙanen Babana, ya yi abin kunya, Mama ta ce kar a ƙara kiran sunansa. 'Yan ajinmu sun ce shi ma wataƙila ɓarawo ne, shi ya sa kike kiran na kowa ban da nasa."

Na ajiye jan biro. Mutumin da na yi Juma'a uku ina ɗaga shi, shirun da na yi don girmamawa shi ya mayar da shi ɓarawo a idon yara talatin. A gidanmu ana ɓoye suna don daraja, a gidansu ana ɓoyewa don ƙyama, kuma ni ce babba, ni ya kamata in san ba Zariya nake ba. Na gane in Mista Audu ya faɗi sunan, sun ji suna, amma tambayar tana nan: me ya sa Anti ta ƙi? Bakin da ya ɓata shi ne zai gyara. Na koma ofis na ce wa Madam ni zan riƙe lasifika.

Mahaifinku na fara gaya wa, da yamma bayan ya dawo daga shago yana wanke ƙafa a bakin famfo. Ya yi dariya har buta ta kusa suɓuce masa.

"Ai sunan ba nawa ba ne ni kaɗai, rabin kasuwa da shi suke amsawa. Ni ban hana ki ba. Amma kin san ba ni ne alƙalin wannan shari'ar ba."

Ya nuna ɗakin Inna da haɓa. Washegari na same ta tana tsinke zogale a tire, na durƙusa na ɗauki reshe ɗaya na fara taya ta, na kwashe labarin duka na gaya mata, tun daga go-sulo har tambayar Rifkatu. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ma ji tausayin yarinyar, ta ce a kai mata tuwo. Da na zo kan abin da na yanke, sai hannunta ya tsaya.

"Mi kika ce? Ba namiji a makarantar ne?"

Na ce akwai, amma daga bakina yaran suke buƙatar ji.

"Ɗiyata, ni na raini yaron nan tun yana jinjiri, shi ne na fari, ban taɓa kiran sunan nan ba. Ubanshi na zauna da shi har na rufe mashi ido, bai taɓa jin nashi a bakina ba. Na zo garin nan na ga kun bar komi. Kun bar zaure, kun bar gaisuwa, maƙwabcinka ya mutu sai ka gani a takardar da aka manna a bango. Na ce ba komi, tunda ɗiyata ta riƙe wannan guda ɗaya. Shi ma za ki kai shi kasuwa?"

Kada ɗayanku ya ce Inna jahilci ne ya sa ta. Maganarta tana da nauyi, har yau ina jin nauyinta. Na ce, Inna, ba Malam zan kira ba, wancan mutumin zan kira. Ta ce kunne bai san wannan ba. Na ce haƙƙin yara ne a wuyana, amanarsu aka ba ni. Ta ce ita ma amanar ɗanta ta ba ni. Daga nan ta ci gaba da tsinke zogalenta, ni ma na ci gaba, har muka gama tiren nan. Na sa rai ba za ta je bikin ba. Na manta Zainab, da ke ƙaramin aji a makarantar, ita ce za ta fito a sarauniya, kuma Inna ce da hannunta ta yi mata kitso ta ɗaura mata rawani. Ranar Asabar kafin in gama shiri ta riga ta yafa mayafinta tana zaune a gaban mota.

An kafa rumfuna a filin makarantar, an jera fararen kujeru, janareta yana ta ruri a bayan ofis. Iyaye sun zo da manyan motoci da ƙananan wayoyi, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa tasa. Inna ta zauna a layin farko, tsakiya, carbi a hannu, mahaifinku a gefenta. Wanda zai fito a matsayin mutumin nan kuwa ba wani ba ne, Rifkatu ce. Da na raba wa yara matsayi na ba wani yaro, ta ce ita fa ba ta yarda ba, ita ta fi kowa saninsa, kuma ajin ya goyi bayanta. Ba mu da babbar riga daidai ita, sai mahaifinku ya ba da tsohuwar farar rigarsa da hularsa, na naɗe hannuwan na kama da fil. Haka na riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito ya faɗi wane ne shi da abin da ya yi wa mutane, ana tafi. Zainab ta fito da takobin kwali, Inna har da murmushi. Sai layi ya zo kan Rifkatu. Na duba na ga rigar mijina tana tahowa da ƙananan ƙafafu a ƙarƙashinta, hula ta rufe gira. Shekara goma sha bakwai da aure, ko a zuci ba na kiran sunan nan kai tsaye. Na yi bismilla, na ɗaga lasifika, na faɗa.

A daidai lokacin janareta ya yi tari ya mutu. Babu wanda ya ji sai ni da Allah. Ka ga jarrabawa! Mista Audu ya matso yana miƙo hannu, wai ko in ba shi. Inna ta ɗago ta dube ni, kuma na fahimci kallon sarai: ga ƙofa Allah ya buɗe miki, ki fita. Na ji ana ta jan igiyar janareta a baya. Rifkatu tana tsaye a tsakiyar fili cikin rana, tana jira, irin jiran da ta yi a zauren gasa. Na ce a raina, sau ɗaya na bar yarinyar nan a tsaye, ba za a yi na biyu ba. Wuta ta dawo, lasifika ta yi ƙara, na kira sunan cikakke, a fili, har ya dawo mini daga bangon gidajen da ke kewaye. Na ce, 'yan aji biyar, ku maimaita. Suka maimaita da murya ɗaya. Na ce wannan mutumin kirki ne, sunansa abin faɗa ne, ni ce na ɓoye muku shi don sunan maigidana ne, kuma a wurinmu abin da ake girmamawa ake ɓoyewa. Aka yi dariya, aka tafa. Rifkatu ta yi bayaninta tiryan-tiryan ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, uwarta ta miƙe tana guɗa irin tasu. Da na waiwaya layin farko, kujerar Inna babu kowa. A mota muka same ta, ta rufe fuska da mayafi.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Washegari da na je gaishe ta ta amsa lafiya lau, sai dai ta ce, "Sannu, Malama." Tun daga ranar na zama Malama. Tana cin abincina, tana yi wa Auta wanka, amma kunun nan da ake ajiye mini a rufe ya daina. Bayan Babbar Sallah ta ce gwiwoyinta ba sa son sanyin tayil, tana so ta je gida ta ga dangi. Ta tafi ba ta dawo ba. Shekara huɗu ta yi a Katsina kafin Allah ya karɓi abinsa. Duk Sallah ina zuwa, in durƙusa, in kai mata atamfa da man zafi, ta sa mini albarka, ta tambayi makaranta. Na yi ta kasa kunne ko za ta manta ta ce "ɗiyata" ko sau ɗaya. Ba ta manta ba. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi. Ku ma kun biya, don kun tashi babu kaka a gida, Auta ma da ƙyar take tuna fuskarta. Ni na jawo muku, ban ɓoye ba, ku yafe mini.

Amma in kuna jira in ce na yi nadama, za ku daɗe kuna jira. Na ƙara shekara goma sha huɗu ina koyarwa, kuma babu yaron da ya sake fita daga ajina da labarin mutum babu sunansa. Kofin da muka rasa bai dawo ba, Rifkatu ta gama ta wuce sakandare, daga baya suka bar Abuja. Abin da na sani, duk ƙarshen shekara har suka tashi, uwarta tana aiko mini da busasshen kifi a ƙunshe cikin jarida. Wanda ya ɗauki amanar 'ya'yan mutane ba ya koya musu rabin abu don ya tsira da mutuncinsa a gida. Inna tana da gaskiyarta, ni ma ina da tawa, sai aka yi rashin sa'a ba su shiga ɗaki ɗaya ba.

Saura abu guda, wanda babu wanda ya sani a cikinku. Ranar bikin, bayan mun dawo Inna ta shige ɗaki, mahaifinku yana ninke rigarsa yana cire fil ɗin da na sa, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Ashe kin san sunan. Ni duk shekarun nan na ɗauka mantawa kika yi."

Na ce ai ba shi na kira ba, wancan na kira. Ya ce to, shi zai jira nasa layin. Ya zama abin tsokana a tsakaninmu. In na ɓata masa rai sai ya ce, ni dai har yanzu ina layi. A ciwonsa na ƙarshe, a asibiti, wata rana da hantsi kun fita neman magani, daga ni sai shi. Na ɗaga kansa ina ba shi ruwa, ya riƙe hannuna ya ce:

"Hadiza, yau babu lasifika, babu Inna. Layi bai zo kaina ba?"

Ni da na faɗa a gaban ɗaruruwan mutane saboda 'yar wani, sai kunya ta rufe ni kamar amarya. Na yi dariya, na ce, Malam, sha ruwanka. Ya yi murmushi ya sha. Na ɗauka akwai gobe. Kwana biyu bayan nan ya rasu.

Don haka ke Zainab, da kike kiran mijinki da sunansa kina satar kallona ko zan yi magana, ba zan yi ba, kira abinki. Ni dai kun ga na cika takardun nan tun daga sama har ƙasa, na faɗi na Rifkatu, na faɗi na Mista Audu, na faɗi nawa. Ku duba da kyau, nasa ba ya ciki. Har yanzu yana layi.